Bitamin a Ruwan Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wa Ke Ƙerawa, Wa Ke Ci

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban nazarin halittun ruwa, da masu rainon gansakuka a ɗakin gwaji, da masu ƙyanƙyasar kifi da jatan lande. Duk inda aka ce gansakuka, ana nufin ƙananan tsirran ruwa masu ƙwaya ɗaya waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, ba koren nan da ke kwanciya a bakin kududdufi kaɗai ba.

1. Mun san bitamin da mutane. Mene ne haɗinsa da ruwan teku?

Bitamin abu ne da halitta ke buƙata ɗan kaɗan amma jikinta ba ya iya ƙera shi, dole sai ta samo daga waje. Saboda haka abin da yake bitamin a wurin wannan, wataƙila a wurin wancan kayan gida ne da yake yi wa kansa. A cikin mililita 1 na ruwan saman teku, wato kamar ɗigo 20, akwai bakteriya kusan miliyan 1, ƙwayoyin bairas kusan miliyan 10, da dubban gansakuka. Waɗannan gansakuka ne ke yin kusan rabin aikin haɗa abinci da hasken rana da ake yi a duniya baki ɗaya. Da yawansu ba sa iya ƙera bitamin ɗaya ko biyu ko uku na dangin B, kuma ba su da inda za su samo sai ruwan da suke iyo a ciki da maƙwabtan da suke zaune da su.

2. Waɗanne bitamin ake magana a kai, kuma wane aiki suke yi a cikin ƙwaya?

Uku ne suka fi ɗaukar hankali: B12, wanda ake kira kobalamin, da B1, wato tayamin, da B7, wato bayotin. Ba abinci ba ne, ba kuma tubalin gina jiki ba. Kowannensu mataimaki ne da wani inzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a cikin ƙwaya, ba ya motsi sai da shi, kamar ƙota ga fartanya.

B12 yana taimaka wa inzayim mai haɗa metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, wanda kuma daga gare shi ƙwaya ke samun abin da take liƙa wa DNA da kitse da sauran sinadarai ƙwayar kabon guda. B1 yana aiki inda ake farfasa sukari a fitar da ƙarfi, yana kuma cikin zagayen da gansakuka ke mayar da iskar kabon ta zama sukari. B7 na inzayim masu liƙa kabon ne, musamman a matakin farko na ƙera kitse.

3. Nawa ne bitamin ɗin da ke cikin ruwan?

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne fikomola, kashi 1 cikin tiriliyan na mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) a kowace lita. A tsakiyar teku B12 da ke narke yakan kama daga abin da na'ura ba ta iya gani zuwa 'yan fikomola kaɗan, kusa da gaɓa da bakin koguna kuma ya fi haka. Fikomola 1 na B12 daidai yake da nanogiram 1.36 a lita. Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 2.4 a rana. Da a ce daga irin wannan ruwa zai tace rabonsa na yini ɗaya, sai ya tace wajen lita 1,770, jarka 70 ke nan masu cin lita 25.

Sai dai ƙarancin abin da aka auna ba shi ne hujjar fari ba. Randar gidan yawa kullum a ƙasa-ƙasa ake tarar da ita ko da 'yan garuwa sun yini suna zubawa, don ana zubawa ana kamfata. Haka bitamin yake a teku: abin da ya rage a ruwa shi ne bambancin abin da aka zubo da abin da aka kwashe. Sanin ko ya isa ko bai isa ba sai an yi gwajin kwalba, wanda aka yi bayaninsa a amsa ta 11.

4. Wa ke ƙera B12?

Wasu daga cikin bakteriya da wasu daga cikin akiya (halittu masu ƙwaya ɗaya da ke kama da bakteriya amma danginsu dabam), shi ke nan. Babu tsiro, babu dabba, babu naman gwari, babu gansakuka mai cibiya (ɗakin da DNA ke ciki) a ƙwayarta da ke iya ƙera shi. Dalili shi ne girman aikin. B12 ya fi kowane bitamin sarƙaƙiya: zobe ne mai ƙwayar kobalt a tsakiya, ga wani maƙalli a sama, wani a ƙasa, kuma haɗa shi daga tushe yana cin matakai kusan 30. Dorothy Hodgkin ta Jami'ar Oxford ce ta warware siffarsa a tsakiyar shekarun 1950, aikin da ke cikin waɗanda suka ba ta lambar Nobel a 1964.

Wani nazari na 2019 da ya duba kundin gado, wato dukan DNA, na bakteriya kusan iri 11,000 ya gano kashi 86 cikin 100 suna da inzayim mai aiki da B12 ko danginsa, amma kashi 37 ne kawai ke da cikakkun kayan ƙera shi. A saman teku manyan maƙeran sun haɗa da dangin Roseobacter, waɗanda ke yawan raɓar gansakuka. A ruwa mai zurfi kuwa akiya masu cin amoniya, irin su Nitrosopumilus maritimus, su ne ke riƙe da babban kaso. Sayanobakteriya, wato bakteriya masu haɗa abinci da hasken rana, su ma suna ƙerawa, amma nasu wani iri ne dabam (duba amsa ta 9).

5. Su wa ke dogara da bitamin na waje?

A 2005 Martin Croft da Alison Smith da abokan aikinsu a Jami'ar Cambridge suka tattara bayanin gansakuka iri 326, suka tarar 171 ba sa tsira sai da B12, fiye da rabi ke nan. Masu buƙatar B1 wajen kashi 22 cikin 100 ne, masu buƙatar B7 kuwa kashi 5. Buƙatar ba ta bin dangi sawu da ƙafa. A cikin dayatom, gansakukan nan masu ɓawon gilashi, Thalassiosira pseudonana ba ta rayuwa sai da B12, ita kuwa Phaeodactylum tricornutum in ta samu ta yi amfani da shi, in ba ta samu ba ta ci gaba da harkarta. Bakteriya su ma da yawansu mabarata ne a wani bitamin, masu bayarwa a wani.

6. Me zai sa halitta ta yar da iyawar da ta gada, ta koma dogara da wasu?

Sha'anin B12 a gansakuka ya rataya ne a kan inzayim biyu masu aiki ɗaya, wato haɗa metiyonin. Ana kiran ɗaya METH, shi ne mai buƙatar B12. Ɗayan METE, ba ruwansa da B12. METH ya ninka METE sauri fiye da sau 50, don haka ƙwayar da ta dogara da METE dole ta tara shi da yawa, kuma kowane guda yana cin naitirojin da zinki, abubuwan da su ma ba a wadace suke a teku ba. Gansakukar da ke da su biyun, da zarar ta ji B12 a ruwa sai ta kashe METE ta koma kan METH. In zamani ya yi tsawo ba a taɓa ƙwayar gadon METE ba, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin ƙera shi, ranar da ta lalace babu wanda zai ji a jikinsa, kuma zuriyar da ta biyo baya ta zama mai dogara ke nan har abada. Nazarin kundin gado ya nuna wannan asara ta faru sau da dama, a dangi daban-daban, kowa da lokacinsa.

An ma ga abin yana faruwa a ɗakin gwaji. A Cambridge an yi ta rainon Chlamydomonas reinhardtii, wata gansakukar ruwan daɗi, cikin ruwa mai wadatar B12. Kafin zuriya 500 wani guntun DNA mai tsalle ya faɗa cikin ƙwayar gadon METE ya lalata ta, kuma masu wannan lahani suka rinjayi sauran. An wallafa sakamakon a 2015.

A 2012 Jeffrey Morris da Richard Lenski da Erik Zinser suka sa wa wannan tsari suna Baƙar Sarauniya, daga wani wasan karta da kowa ke gudun katin ta kwana a hannunsa. Ma'anarsa: aiki mai tsada wanda amfaninsa ke zuba kowa ya samu, wanda ya fara sauke shi shi ya ci riba, matuƙar akwai sauran masu yinsa.

7. To su bakteriyar, sadaka suke yi?

Ciniki ne. Kowace ƙwayar gansakuka tana kewaye da wani siririn ruwa da ya fi sauran kauri da sukari da sauran abubuwan da ke tsatsafowa daga jikinta, kuma nan ne kasuwar take ci. Da aka haɗa Thalassiosira pseudonana da bakteriyar Ruegeria pomeroyi a ruwan da babu B12, dayatom ɗin ta tsira, bakteriyar kuma aka ga ta kunna ƙwayoyin gadon cin wani sinadari mai sulfa da ake kira DHPS, wanda kafin wannan bincike na 2015 ba a lissafa shi cikin manyan abincin bakteriyar teku ba.

Wani lokacin ma bitamin ake biya da bitamin. Ostreococcus tauri, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙantar halittu masu cibiya da aka sani, tana buƙatar B1 da B12. Bakteriyar Dinoroseobacter shibae tana ƙera duka biyun, amma ita kuma ba ta iya ƙera B3 da B7 da wani tubalin folet. Kowa a kwalbarsa ba ya zuwa ko'ina in ba a zuba masa bitamin ba, amma a kwalba ɗaya suna rayuwa tare.

8. Ta yaya bitamin ke fita daga cikin ƙwayar da ta ƙera shi?

Ba duk mai ƙerawa ne mai bayarwa ba. Da aka gwada bakteriyar teku masu ƙera B12 ɗaya bayan ɗaya tare da dayatom mai buƙata, wasu sun ciyar da ita, wasu kuwa sun riƙe abinsu ƙam. Daga irin waɗannan marowata, bitamin ba ya fitowa sai ƙwaya ta fashe: ko bairas ya fasa ta, ko wata ƙaramar dabba ta haɗiye ta ta kasayar da saura. Gansakukan da ke iya haɗiye bakteriya ɗungurungum, kamar da yawa daga dangin da ake kira dainofilajelet, suna samun nasu ta wannan hanya kai tsaye.

A 2024 masu bincike a Oldenburg ta Jamus suka bayyana wani misali. Wata Colwellia tana ƙera maƙallin ƙasa na B12 kaɗai, wata Roseovarius kuma tana ƙera zoben kaɗai. In an haɗa su, Roseovarius ta karɓi maƙallin ta kammala bitamin ɗin, amma bai bazu a ruwa ba sai da wani bairas da ke kwance a cikin kundin gadonta ya farka ya fasa wasu daga cikin ƙwayoyin. A ɓangaren masu karɓa, dayatom suna da furotin mai suna CBA1 wanda suke ƙara yawansa idan B12 ya yi wuya.

9. Mene ne B12 na bogi?

Sayanobakteriya irin su Synechococcus da Prochlorococcus, waɗanda suka cika ruwan teku mai ɗumi, suna ƙera wani ɗan'uwan B12 mai zobe iri ɗaya da kobalt iri ɗaya, sai dai a maƙallin ƙasa suna sa sinadarin adenin a maimakon DMB, sinadarin da ke wannan gurbi a B12 na gaske. A wurinsu yana aiki lafiya lau. A wurin yawancin gansakuka masu cibiya kuwa amfaninsa kaɗan ne ƙwarai. Bincike biyu, na 2016 da na 2017, sun nuna teku na da rumbu biyu na wannan bitamin, kuma wasu halittu masu gyara ne: in sun sami DMB a ruwa sai su cire adenin su maye gurbinsa. Saboda haka DMB shi kansa haja ne a wannan kasuwa.

Wannan ya shafi mutane ma. Sifirulina sayanobakteriya ce, ita ce matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na yankin Kanem a Chadi su shanya ta zama dihe. Tana da furotin sosai, amma mafi yawan abin da ake aunawa a matsayin B12 a cikinta na bogin ne, jikin mutum ba ya amfana da shi. Wanda likita ya ce masa yana da ƙarancin B12 kada ya dogara da ita.

10. An ce wasu ƙwayoyi rabin B1 kawai suke nema. Yaya abin yake?

B1 zobe biyu ne da aka ɗaure wuri ɗaya, ɗaya firimidin, ɗaya tayazol, kuma kowanne da hanyar ƙera shi. Halitta tana iya rasa hanya ɗaya ta riƙe ɗaya. Babban misali shi ne SAR11, dangin bakteriyar da suka fi kowa yawa a teku, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin da ke iyo a ruwa. An fara ganin alamarsu a Tekun Sargasso a 1990, ba a iya rainonsu ba sai 2002 a ɗakin gwajin Stephen Giovannoni na Jami'ar Jihar Oregon. A 2014 aka gano wakilinsu, Pelagibacter ubique, ba shi da ƙwayar gadon ƙera zoben firimidin, wanda ake kira HMP. Abin mamaki, in an ba shi cikakken B1 ba ya amfana da shi yadda ya kamata. HMP ɗin yake so, ya haɗa sauran da kansa.

Emiliania huxleyi, mai ɓawon alli wadda yaɗuwarta ke sa ruwa ya yi fari har tauraron ɗan'adam ya hango, ita ma HMP ya wadatar da ita. Ostreococcus da Micromonas kuwa suna iya rayuwa da wani tubalin zoben tayazol da bakteriya ke fitarwa. Darasin ga mai aunawa shi ne: wanda ya auna cikakken B1 kaɗai ya ce ruwa ba shi da komai, bai leƙa rumbun da ake ci daga ciki ba (duba amsa ta 15).

11. Shin da gaske rashin bitamin yana hana gansakuka tsiro a teku, ko a ɗakin gwaji ne kawai?

An daɗe ana wannan gardama. A shekarun 1950 Luigi Provasoli a Amurka da Michael Droop a Millport ta Sikotland suka tabbatar da buƙatar. Amma a 1957 Droop ya lissafa ɗan abin da kowace ƙwaya ke buƙata ya ce B12 da ke teku ya isa. Wannan, tare da wahalar aunawa, ya sa maganar ta lafa shekaru da dama. Droop ɗin nan ne kuma, daga gwajin B12 a kan Monochrysis lutheri, ya fitar da ƙa'idarsa ta 1968 cewa saurin tsiro yana bin abin da ƙwaya ta tara a cikinta ne, ba abin da ke ruwa ba. Har yau da ita ake lissafin naitirojin da fosforas.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na kwalba. A ɗebo ruwa da dukan halittunsa, da kayan da aka wanke da asid don kada ƙarfe ya shiga, a rarraba a kwalabe, kowane rukuni aƙalla uku: wanda ba a sa komai ba, mai bitamin kaɗai, mai sinadarin ƙarfe ko naitirojin kaɗai, da mai duka biyun. A ajiye su a haske da sanyi irin na inda aka ɗebo, a riƙa auna kulorofil ana ƙirga ƙwayoyi. A Tekun Ross na Antatika, Erin Bertrand da Mak Saito da abokan aikinsu sun yi haka sau uku. A biyu daga ciki, ƙarfe tare da B12 ya fi ƙarfe kaɗai haifar da tsiro, kuma waɗannan biyun su ne ruwansu ya fi ƙarancin bakteriya tun farko. An wallafa a 2007. A 2012 kuma ƙungiyar Sergio Sañudo-Wilhelmy ta tarar da yankuna masu faɗi a gaɓar Kalifoniya da Baja inda wasu bitamin na B suka gagari na'ura gani.

Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, da wuya bitamin ya zama ƙofar farko da ke rufe. Naitirojin da ƙarfe ne ke gaba. Aikinsa ya fi fitowa wajen zaɓen wanda zai yi rinjaye bayan an buɗe ƙofar farko, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda manyan dayatom masu nauyi su ne ke nitsewa da kabon zuwa ƙasan teku.

12. Ina kobalt ɗin yake fitowa?

Ba kobalt, ba B12, kuma a saman teku shi ma da fikomola ake auna shi, goma-goma. Ga masu rububi: Prochlorococcus da Synechococcus ba sa rayuwa sai da shi, dayatom kuma suna sa shi a gurbin zinki idan zinki ya yanke. Yana shigowa daga koguna, da lakar gaɓa, da ƙura. Inda ruwa ba shi da iskar oksijin sosai, kamar gefen Namibiya da Angola, kobalt yana narkewa daga laka ya bi ruwa zuwa tsakiyar Atlantika ta Kudu. A gwajin kwalba da aka yi a wannan yanki aka wallafa a 2017, bayan an zuba naitirojin da ƙarfe tare, ƙara kobalt ko B12 ya ƙara tsiro a wasu wuraren.

Hazon hunturu yana cikin wannan lissafi. Kwarin Bodele a arewacin Chadi shi ne wuri guda da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar da ke busar da leɓe a Kano da Damagaram ita ce ke kai ta Atlantika da ƙarfe da sauran ma'adinai. Farar ƙasar Bodele kuwa galibinta ɓawon dayatom ne da suka rayu lokacin da wurin yake gindin wani ƙaton tafki.

13. Akwai alaƙa da yaɗuwar gansakuka masu guba?

Akwai alama mai ƙarfi. A 2010 Christopher Gobler da abokan aikinsa a Jami'ar Stony Brook suka gwada iri 27 na gansakukan da ke yin mummunar yaɗuwa: 26 na buƙatar B12, 20 na buƙatar B1, 10 na buƙatar B7, duk sama da abin da aka gani a gansakuka gaba ɗaya (amsa ta 5). Amma mafi yawansu dainofilajelet ne masu haɗiye wasu ƙwayoyi, kuma mai cin ɗan'uwansa dama shi ya fi sauƙin yar da iyawar ƙerawa. Bitamin yana cikin abin da ke ciyar da yaɗuwar, ba shi kaɗai ke kunna ta ba.

14. Wannan ya taɓa kaiwa ga kifi?

B1 da ke jikin kifin teku daga waɗannan ƙananan halittu ya faro, ya bi baki-baki ya hau sama. A 1974 aka fara lura a wata maƙyanƙyasa ta Suwidin cewa 'ya'yan kifin salmon na Tekun Baltik suna mutuwa tun ƙunshin gwaiduwa na jikinsu. Aka kira cutar M74, daga baya aka gano ƙarancin B1 ne a cikin ƙwai, wanda ke da nasaba da iyaye sun cika cin wani ƙaramin kifi mai kitse. A farkon 2020 aka ga irin haka a Kalifoniya: 'ya'yan salmon suna juyi kamar katantanwa suna mutuwa, da aka yi musu wanka da ruwan B1 suka miƙe. Iyayensu sun dogara ne kan ancobi, wani ƙaramin kifi mai ɗauke da inzayim da ke farfasa B1.

Abin da aka tabbatar shi ne abincin iyaye. Danganta shi da raguwar B1 a gindin sarƙar abinci zato ne da ake kan bincika. Ga mai kiwo dai abin lura ɗaya ne: ɗanyen kifi mai wannan inzayim in ya zama shi ne abincin kullum yana jawo matsalar, dafa shi kuma yana kashe inzayim ɗin.

15. Yaya ake auna abu mai ƙanƙanta haka?

Tsohuwar hanya ita ce a sa halitta ta yi awo. A tace ruwa, a zuba gansakukar da aka yunwatar, a kwatanta tsironta da na kwalaben da aka san adadin bitamin ɗinsu: Thalassiosira pseudonana don B12, Monochrysis lutheri don B1, Amphidinium carterae don B7. Tana da arha, tana kuma nuna abin da halitta ke iya ci. Aibinta shi ne ba ta bambance cikakken bitamin da rabinsa, kuma duk wani abu a ruwan da ke hana tsiro zai fito kamar ƙarancin bitamin.

Hanyar yanzu: a ɗebi ruwa daga rabin lita zuwa 'yan litoci a kwalba mai duhu, a tace da matacin maikiromita 0.2, a saukar da pH, ma'aunin tsami da kanwa, zuwa wajen 6.5 da ɗan asid, a zuba bitamin mai alamar aisotof, wato wanda aka ɗan sauya nauyinsa don na'ura ta bambance shi, don a san abin da zai salwanta a hanya. Sai a bi da ruwan a hankali ta cikin bututu mai garin C18, wanda ke kama bitamin ya bar gishiri ya wuce. A ɗauraye da tsabtataccen ruwa, a wanko da metanol, a busar da iskar naitirojin, a narkar a ɗan ruwa kaɗan, a kai na'urar LC-MS, mai rarrabe sinadarai ta auna nauyinsu.

Inda aiki ke lalacewa sananne ne. Haske yana sauya nau'o'in B12 biyu masu aiki a cikin ƙwaya su koma wani nau'i, don haka a rage fitila. Matsa tacewa da ƙarfi yana fasa ƙwayoyi, abin cikinsu ya zubo a lissafa shi a matsayin narkakke. Sauran gishiri da dattin ruwa suna danne siginar na'ura, wanda bai sa mai alamar aisotof ba kuwa ba zai san an danne ba. B1 kuma ba ya jure zafi da ruwa mai kanwa-kanwa, ruwan teku kuwa pH ɗinsa wajen 8.1 ne, saboda haka samfurin da ba za a sarrafa nan take ba a daskarar da shi.

16. Nawa ake sa wa ruwan rainon gansakuka?

Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne f/2, wanda ya samo asali daga aikin Guillard da Ryther na 1962. A kowace lita ta ruwan teku akwai B1 miligiram 0.1, B7 maikirogiram 0.5, B12 maikirogiram 0.5. Ba a auna waɗannan kai tsaye a sikeli. A fara yin ruwan B12 mai giram 1 a lita, da na B7 mai giram 0.1 a lita. A narkar da B1 miligiram 200 a tsabtataccen ruwa mililita 950, a zuba mililita 1 na ruwan B12 da mililita 10 na ruwan B7, a cika lita 1. Daga wannan haɗi ake ɗiban mililita 0.5 ga kowace lita ta ruwan raino.

A tace haɗin da matacin 0.2, a rarraba a ƙananan kwalabe, a daskarar, a riƙa ciro ɗaya-ɗaya. Ya fi kyau a zuba shi bayan ruwan raino ya fito daga tukunyar turiri ya huce. Kada a niƙa ƙwayar bitamin ta kantin magani a zuba: sitaci da sukarin da aka ɗaure ta da su abincin bakteriya ne, kwana biyu ruwa ya yi gurɓi. Isochrysis da Pavlova, waɗanda ake ciyar da 'ya'yan kawa da su, suna buƙatar B12 da B1. Rotifa, abincin farko na 'ya'yan kifin teku, ita ma tana buƙatar B12.

17. Na cire B12 daga ruwan raino amma gansakukata ba ta daina tsiro ba. Ke nan ba ta buƙatarsa?

Tukuna. B12 na f/2 wajen fikomola 370 ne, ninki ɗari-ɗari na abin da ke teku, kuma ƙwayoyi suna tara abin da ya fi buƙatarsu. Dashen farko guzuri suke ci. A wanke ƙwayoyin da ruwan da babu bitamin, a dasa kaɗan a sabon ruwa, a maimaita sau 4 ko 5, kowane dashe daga na baya. Mai buƙata za ta riƙa ja da baya har ta tsaya, kuma in an mayar mata da B12 ta farfaɗo. In ba a yi wannan mataki na ƙarshe ba, ba a nuna cewa B12 ne ya tsayar da ita ba.

In har yanzu tana tsira, a tuhumi abu uku kafin a yarda. Na farko bakteriya: 'yan kaɗan da suka maƙale a jikin ƙwaya sun isa su ciyar da kwalba guda (amsa ta 7), kuma rashin tsirowa a faranti ba shaida ba ne, tunda yawancin bakteriyar teku ba sa tsira a faranti, sai a rina DNA a duba da madubi. Na biyu ruwan: ruwan teku na asali yana zuwa da nasa bitamin, don haka a haɗa na gishirin kwalba. Na uku kwalaben: a jiƙa su a asid, a ɗauraye sosai, waɗanda suka taɓa ɗaukar f/2 a ware su gefe. A jera Thalassiosira pseudonana da Phaeodactylum tricornutum kusa da gwajin, a ruwa ɗaya da kwalabe iri ɗaya. Ta farkon dole ta tsaya, ta biyun dole ta ci gaba. In ta farkon ba ta tsaya ba, B12 yana shigowa ta wani wuri.